Jirgin Kara a Zauren Atiku

Gwandu, watan Safar, 1338

Daga Abdulgani ɗan Malam Hassan, mai ɗinkin riguna a Gwandu, zuwa ga ƙanena Atiku a Kalgo. Gaisuwa da aminci, da tambayar lafiyarka da ta ɗiyarka Hadijatu, da ta yayarmu Adda Rahmatu da mutanen gidanta.

Bayan haka, ban so takardata ta farko gare ka tun dawowarka daga yaƙin Nasara ta zama ta faɗa ba, amma kai ka jawo. Ranar kasuwar Kambaza na gamu da Sambo mai jakai, wanda ke kawo busasshen kifi daga wajenku. A gaban jama'a, cikinsu har da mutanen da nake yi wa ɗinki, ya ce mini, "Ina gaida yayan Sarkin Yara." Na ce wane ne kuma wannan? Aka fashe da dariya, ni kaɗai ne ban san abin da ake yi wa dariyar ba.

Sai ya ba da labari. Wai zauren mahaifinmu, inda aka shekara da shekaru ana buɗe littafi, ya koma matattarar yara masu majina. Wai tun hantsi har la'asar kana zaune a tsakiyarsu, ƙafa a miƙe, kana fere kara kana kwaɓa laka. Wai karan dawar da aka tara don gyaran darni kun gama daddatsa shi, awaki na shiga gidan ta inda suka ga dama. Har wani abu ka haɗa mai tsawo kamar mesa, ka ce sunansa jirgin ƙasa, kana yi musu kukansa da bakinka suna tafi.

Atiku, gemu gare ka. Ubanmu bai bar mana garke ba, suna ya bar mana, kuma sunan nan da shi nake shiga gidajen manya a garin nan. Ba zan zuba ido ka mayar da shi abin wasan kasuwa ba. Ka kori yaran nan, ka share zauren, ka gyara darni kamar kowane magidanci.

Sai batun Hadijatu. Yarinya ta rasa uwa, ta kai munzalin koyon kaɗi da karatu, ga ta tana yini cikin maza hannu dumu-dumu da laka. Na yi shawara da matata Fatsuma, ta yarda ta riƙe ta tare da namu. Ka shirya mata kayanta, in Sambo zai dawo ya taho da ita.

Allah ya shirye mu baki ɗaya. Haza wassalam.


Kalgo, watan Safar

Daga Atiku zuwa ga Yaya Abdulgani. Gaisuwa da girmamawa irin wadda ƙane ke yi wa wansa.

Takardarka ta iso. Na karanta ta har ƙasa ina neman inda ka tambayi ƙafata, ban samu ba. Ka tambayi darni, ka tambayi awaki. To, darni na nan, an ci gefe guda. Ƙafa kuwa ta ɗore a karkace tun ranar da akwatin harsashi ya faɗo mini a wani gangare a ƙasar da ko sunanta ba ka sani ba. An ce zumunta a ƙafa take. Ni tawa ɗaya ce da rabi, shi ya hana ni zuwa. Kai mai biyu, damina guda ta wuce ina gida, me ya hana ka?

Tun da ka ɗauko zancen sunan ubanmu, bari in tuna maka yadda ka yi da nawa. Ranar da aka ce kowane gida ya ba da namiji ɗaya ya yi wa Nasara dako, kai ne babba, kai ka je gaban mai gari. Ka dawo ka ce mini, "Na ba da sunanka, ka fi ni ƙarfin wuya." Ba ka tambaye ni ba. Na tafi na bar matata Maimuna da yarinya tana tatata. Na dawo na tarar annoba ta ɗauke Maimuna, kai kuma ka kwashe iyalinka ka koma Gwandu.

Ka san yadda ɗiyata ta tarbe ni? Ta ga wani ƙato baƙi wuluk, ramamme, yana jan ƙafa, ta ƙwalla ƙara ta shige bayan randar Adda. Haka muka yi ta yi. In na shigo ta fita. In na miƙa mata tuwo sai ta ɗauke kai. Aka ce mata ga babanki, ta ce ita babanta ya mutu a ruwa.

Ran nan ina zaune a zaure ina ɗaura gadon kara, wanda da shi da asabari nake ci yanzu tun da ba na iya bin kunya da fartanya, sai na ɗauki guntun kara na ɓare ɓawonsa. Na yanka totuwar gunduwa-gunduwa, na tsaga ɓawon siri-siri, na dinga soka wannan cikin wancan, har ya zama ɗan raƙumi mai dogon wuya. Na ajiye a bakin ƙofa, ban kalle ta ba. Da na waiwaya, babu raƙumi. Kashegari na yi masa ɗa. Ranar da ta zo ta tsaya a kaina, hannu a baya, ta ce, "Ya ake yin wuyan?" ita ce maganar farko da ɗiyata ta yi mini. Da kana wurin da ka ga yadda ƙato ke haɗiye kuka.

Sauran yaran ita ta jawo su. Ƙananan su ke ɓalle totuwa, manyan su tsaga ɓawo, ni in kankare masa kaifi don kada ya yanke su. Muna fafe sakaina mu yi ƙafafun mota. Muna gina shanu da laka, mu yi musu ƙaho da ƙayar aduwa, mu shanya a rana. 'Yan mata na ɗaura wa ƙwallon goruba tsumma su yi 'yar tsana, su yi mata kitso da gashin masara. Sun tambaye ni abin da na gani a tafiyata. Abin da na gani da yawansa ba na yara ba ne, shi ya sa na zaɓi jirgin ƙasa da jirgin ruwa na yi musu. In hannuna na cikin kara ba ya rawa. In na ajiye, ya dinga ɓari ke nan kamar mazari.

Kai ma yini kake kana soka allura a tsumma, aka ce sana'a. Ban taɓa aiko maka da dariya ba.

Hadijatu ba ta zuwa ko'ina. Karatu kuwa Adda na biya mata allo kullum da safe, ta kai Li'ilafi. Sambo zai zo maka da kifi, ba da yarinya ba.

Ka gaida Fatsuma da yara. Wassalam.


Gwandu, watan Rabi'ul Awwal

Daga Abdulgani zuwa ga Atiku. Gaisuwa.

Na yi niyyar in ƙyale ka da rashin kunyarka. Zancen dako ba zan tsaya ja da kai ba. Ɗayanmu ne zai tafi ko mun ƙi ko mun so, ni kuma a lokacin baki takwas ke kaina har da na tsohuwarmu tana jinya. Da Maimuna ta cika, ni na tsaya aka yi mata sutura, annoba na cin mutane kowa na gudun gawa. Wannan ba ka rubuta ba.

Amma yanzu magana ta wuce ta zagi. Haruna maƙwabcinka ya aiko mini da ƙanensa takanas. Ya ce jirgin ruwan da ka yi musu yara suka ɗauka suka nufi tafki, iska ta ja shi tsakiya, ɗansa Adamu ya bi shi har ruwa ya shanye kansa. Ba don wani masunci da ke gyaran taru a gaɓa ba, da yanzu zaman makoki ake yi. Ya ce kuma da aka shimfiɗe yaron a ƙasa ana matsa masa ciki, ka iso ka gan shi, sai ka faɗi kana ihu kana kiran sunayen mutanen da ba wanda ya san su, kana cewa a ɗauke su daga hanya. Sai da maza suka danne ka. A gaban ɗiyarka aka yi wannan.

Ruwa ba ya tsami banza, Atiku. Abin da mutane ke faɗa a ɓoye yanzu a fili suke faɗarsa: ka dawo da taɓuwa. Ban ce laifinka ba ne. Amma yarinya jinina ce, ba zan jira ranar da za a aiko mini cewa ita aka tsamo ba. Na roƙe ka da lalama ka ƙi. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Wassalam.


Kalgo, watan Rabi'ul Awwal

Daga Rahmatu zuwa ga ƙanena Abdulgani. Ina gaishe ka don Allah ya ce a yi sallama, ba don ka cancanta ba.

Ni na goye ka, Abdulgani. Bayana ya san nauyinka. Ban taɓa zaton zan rayu in ga ranar da za ka shigo gidan ubanmu kamar ɓarawon akuya ba. Ka bari sai da Atiku ya tafi fadama yankan kaba, ni kuma ina gidan suna, sannan ka sauka daga kan jaki. Dije matar Haruna, uwar yaron da ya faɗa ruwa, ta ga komai ta kan katanga, kuma ita ta ba ni labari tana kuka. Ka ji? Uwar yaron ma kuka ta yi.

Ta ce ka kwaso duk abin da ke zauren ka watsa a ƙofar gida, jirgin ƙasan da yaran unguwa suka yi kaka guda suna haɗawa, da motoci, da 'yan tsana, ka bi shanun laka da takalmi ɗaya bayan ɗaya, sannan ka sa wuta. Yara na tsaye suna kallo. Ƙaramin ɗan maƙwabciyarmu Zulai ya ruga zai ciro dokinsa ka daka masa tsawa har ya saki fitsari. Ta ce Hadijatu ba ta yi kuka ba, ta dai ce, "Baffa, bari Baba ya dawo." Ka ce mata a hanya za ku gamu da shi, ka ɗora ta kan jaki ka tafi da ita. Ka yi wa yarinya ƙarya da rawani a kanka.

Da Atiku ya dawo da damin kaba a ka, ya ga toka, ya tsaya. Na ce masa, "Atiku, zauna in faɗa maka." Ya ce, "Ina take?" Na faɗa masa. Ina jiran ihun nan da kuke ta yayatawa, maza sun matso don su riƙe shi. Bai yi ba. Ya sauke damin a hankali, ya jingine shi, ya ce wa yaran, "Ku tafi gida, gobe ba aiki." Ya shiga ya ɗauro alwala.

Tun da kana tara labarin haukansa, ga wanda ba a kai maka ba. Kashegarin ranar da Adamu ya faɗa ruwa, Atiku da kansa ya ja ƙafa ya je ya durƙusa gaban Haruna ya ba da haƙuri. Ya tara yaran ya ce daga yau ba mai fita da komai daga zaure sai ya sani, kuma ya daina yin abin da ke tafiya a ruwa. Haruna ya aika maka cikin zafin rai, daga baya ya huce, ɗansa ma ya koma zauren. Ihun da ya yi kuwa, ya faɗa mini dalili. Ya ce a can haka ake barin 'yan dako kwance a bakin hanya in sun kasa, baki buɗe, a ce wa sauran su ɗauki kayansu su wuce. Ya ga yaro kwance haka, zuciya ta koma can. Kai da ba ka taɓa kwana nesa da tuwon Fatsuma ba, kai ne za ka auna masa hankali?

Ni na riƙe yarinyar nan tun rasuwar uwarta. In riƙo ake nema, gwaggonta na raye. Ba riƙonta ya dame ka ba, dariyar Kambaza ce ta dame ka.

Atiku ya ce zai kai ƙara gaban alƙali a can Gwandu inda kake taƙama da suna. Na hana shi, na ce 'ya'yan Malam Hassan ba su tsaya gaban shari'a da juna ba. Ya ce, "Adda, 'ya'yan Malam Hassan suna satar yara?" Ka dawo da ita kafin sabon wata, in rufe wannan magana. In ka ƙi, ni zan ba shi guzuri.

Allah ya huci zuciyar wanda aka zalunta. Wassalam.


Gwandu, watan Rabi'us Sani

Daga Abdulgani zuwa ga Adda Rahmatu. Gaisuwa da ban girma da neman gafara in na ɓata miki.

Kin kira ni ɓarawo. Na karɓa, tun da daga bakinki ya fito. Amma da yarinyar ce ta nutse, da wane suna za ki kira ni? Mai zuba ido? Kowa ya iya hukunci bayan an tsamo yaro da rai.

Kin ce dariyar Kambaza ce ta dame ni, to ga halin da gidana ke ciki. Yarinyar nan tun da ta zo ba ta ce mini uffan ba. Fatsuma ta yi mata kitso, ta ba ta sabon zane, ta ba ta mazari da auduga. Ta karɓa ta ajiye. Abinci sai ta ga ba mai kallonta take taɓawa. Kullum tana gindin darnin bayan gida, mun ɗauka kewa ce. Ashe zare karan darnin take yi ɗaya-ɗaya. Ba ta da wuƙa, da haƙori take ɓarewa, har leɓenta ya tsage. Sai da tunkiyar maƙwabta ta shigo ta ci gero a turmi muka ga ɓarnar.

Na hana ta. Ta kalle ni kamar bango ke magana. Kashegari na tarar ba ita kaɗai ba, 'ya'yana duka suna kewaye da ita, tana raba musu aiki kamar uwar gayya: wannan ya ɓalle, wannan ya tsaga, wannan ya riƙe. Autana Jibrin, wanda kin san ba ya yarda da kowa, ba ya magana sai da uwarsa, shi ne mai miƙa mata ƙaya. Raina ya ɓaci. Na tsula mata tsumagiya a hannu. Ba zan ɓoye miki ba, na yi, kuma uba ma yana yi. Ba ta yi kuka ba. Jibrin ne ya yi, ya kama ƙafata ya gantsara mini cizo. Ɗan da na haifa.

Yanzu a gidana ni ne dodo. In na yi sallama sai in ji ana ɓoye abu a ƙarƙashin tabarma. Fatsuma ta ce mini, "Malam, ka ɗauko wuta a tafin hannu, ka mayar da ita murhunta." Ita ma ke nan.

Sammacin alƙali ya iso ni a gaban masu jiran ɗinki. Ɗan'uwana uwa ɗaya uba ɗaya ya sa an kira sunana a titi. Da ya zo da kansa ya yi mini magana irin ta ƙane, wataƙila da an daidaita. Tun da shari'a ya zaɓa, sai mu gamu a can. Zan faɗi abin da aka faɗa mini, alƙali ya duba in mutumin da maza ke dannewa ya isa riƙon ɗiya mace.

Ki sa mu a addu'a, ko ba ki so. Haza wassalam.


Gwandu, watan Rabi'us Sani

Daga Atiku zuwa ga Adda Rahmatu. Gaisuwa mai yawa da godiya. Guzurin ya kai ni har ya yi saura.

Na ba wani mai zuwa Kalgo takardar nan don hankalinki ya kwanta, mu sai ƙafata ta sace za mu taso. Jakin Sambo ya yi ƙoƙari, amma zaman kansa ya kumbura mini gwiwa. Na sauka gidan wani abokin Sambo. Ban taka gidan Yaya ba sai da shari'a ta ƙare.

An yi zama ranar Litinin. Yaya ya zo da babbar riga, ya zauna nesa da ni kamar ina da kuturta. Ya faɗi zancen tafki, ya faɗi zancen ihu, ya faɗi zancen Sarkin Yara, har wasu a baya suka yi dariya. Alƙali, wani tsoho mai magana a hankali, ya juyo gare ni ya ce, "An yi haka?" Na ce an yi, Allah ya gafarta Malam. Ya ce me ya sa? Na faɗa masa abin da na faɗa miki. Ban ƙara ba ban rage ba. Dariyar ta tsaya.

Ya tambaye ni da me nake ciyar da ita. Na ce gadon kara da asabari. Ya ce wa ke yi mata wanka da kitso? Na ce gwaggonta, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ya ce, "Wasan yaran fa, ba za ka bari ba?" Na ce in shari'a ta hana zan bari, in dariyar mutane ce ba zan bari ba. Ya ce shi bai san inda shari'a ta hana uba ya fere wa ɗiyarsa kara ba.

Sannan ya ce wa Yaya, "Ba a raba ɗa da ubansa a ba baffa sai da hujja. Ka ce ɗan'uwanka ba shi da hankali. Ka gani da idonka?" Yaya ya ce an faɗa masa. Alƙali ya ce, "Ina shaidunka?" Haruna bai zo ba, kin sani. Alƙali ya ce, "To kai da bakinka, tsakaninka da Allah, mutumin nan da ke zaune mahaukaci ne?"

Adda, na kalli Yaya. Tun da na dawo ƙasar nan, ranar ce ya fara duban fuskata sosai. Ya dubi fuskar, ya dubi ƙafar da na miƙe don ba ta lanƙwasuwa. Sannan ya ce, "A'a." Alƙali ya ce bai ji ba. Yaya ya ce, "Da hankalinsa." Aka ce ya miƙo yarinya kafin la'asar.

Kada ki ce in gode masa. Gaskiya ya faɗa bayan an matse shi, ba kyauta ya yi mini ba.

Na tsaya a ƙofar gidansa, ban shiga ba. Fatsuma ta rako ta har zaure, ta ce daga bayan ƙofa, "Ka yi haƙuri, Atiku." Hadijatu ta fito tana tafiya a hankali kamar ba ta yarda ba, sai da ta zo dab sannan ta ƙanƙame ƙafar tawa mai ciwo, na ji zafin har ƙwaƙwalwa, ban ce ta saki ba. Na ɗago hannuwanta na ga shatar tsumagiya a bayansu. Yaya na tsaye. Na ce, "Wannan fa?" Ya ce, "Tarbiyya ce." Na rantse miki da ba don yarinyar na riƙe da ni ba, da alƙali ya sake ganinmu a ranar, kuma da ya sami mahaukacin da ake nema. Na ce masa, "Daga yau ba ni da wa a Gwandu." Muka juya.

Wani ɗan ƙaramin yaronsa ya biyo mu da gudu yana kiran sunanta, tsirara, har bakin kasuwa. Sai da aka zo aka ɗauke shi yana shure-shure.

Ki sa a share mana ɗaki. Sai mun iso. Wassalam.


Gwandu, watan Jimada Ula

Daga Abdulgani zuwa ga ƙanena Atiku. Gaisuwa da aminci. Ina tambayar ƙafarka, da fatan kumburin ya sace. Ina tambayar Hadijatu.

Ka ce ba ka da wa a Gwandu. Ba zan yi maka gardama da takarda ba. Abin da na yi na yi shi, wutar da na sa ba ta komawa kara. Har yanzu ina ganin zaman magidanci cikin yara ba girma ba ne, kuma ba zan ce maka na sake ra'ayi don in sami abin da nake nema ba.

Ga abin da nake nema. Jibrin ba shi da lafiya tun tafiyarku. Ba zazzaɓi ba ne. Ya daina ci, ya daina wasa, ya koma gindin darni inda take zama. An yi rubutu an yi turare. Na ɗauki kara da hannuna na ce bari in yi masa abin da take yi musu, ya fito ba kai ba gindi, ya karɓa ya jefar. Fatsuma ta ce in ba a kai shi inda 'yar'uwarsa take ba, za mu rasa shi. Adda ta yarda ya zauna wurinta har faɗuwar ruwa, amma ta ce zauren naka ne, sai da izininka.

Ban saba roƙo ba, ka sani. Ina roƙo. In ka yarda, zan kawo shi da kaina.

Haza wassalam.


Kalgo, watan Jimada Ula

Daga Atiku zuwa ga Abdulgani. Gaisuwa.

Ƙafa da sauƙi. Hadijatu lafiya, hannun ya warke.

Yaro bai yi mini komai ba. Bari ya zo. Ka ba Sambo shi, a sa masa riga mai kauri don sanyin hanya, uwarsa ta faɗa wa Sambo abin da yake ci da abin da ba ya ci. Zan riƙe shi kamar nawa, ba mai taɓa shi da tsumagiya.

Kai kada ka rako shi.

Wassalam.